Yaron da Aka Ce Ba Ya Ji: Nazarin Lamarin Wani Ɗalibi Mai Matsalar Tantance Sauti a Jos

A Hausa idan aka ce yaro "ba ya ji", ana iya nufin kunnensa ne ya samu matsala, ana kuma iya nufin taurin kai ne da shi. Yaron da wannan nazari ya shafa ya yi kusan shekara uku ana jifansa da wannan kalma, kuma ranar da aka auna kunnensa aka ce lafiyarsa ƙalau, sai mutanen gidan suka ɗauka ma'ana ta biyu ce ta tabbata a kansa. Zan kira shi Auta, kamar yadda ake kiransa a gida kasancewar shi ne ƙarami a ɗakinsu, kuma na sakaya duk abin da zai iya nuna ko su wane ne iyayensa.

Ni malama ce ta yara masu buƙata ta musamman a Jos, kuma aikina ya fi karkata ga matsalolin ji da magana. Lokacin da mahaifiyarsa ta kawo mini shi yana da shekara 9, yana aji 3 a wata firamare mai zaman kanta, da yamma kuma yana zuwa Islamiyya a unguwarsu. Kokenta a taƙaice shi ne: "Malama, in muna mu biyu a ɗaki ko raɗa na yi zai ji. Amma in na aike shi shago ya sayo magi da gishiri da ashana, sai ya dawo mini da magi kaɗai, ko ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, na'am Umma, me kika ce?" Malamar ajinsa ta rubuta a takardar sakamako cewa ba ya mai da hankali, alhali a lissafin da ake rubutawa a allo yana cikin na gaba-gaba, shifta ce ke kayar da shi, da duk darasin da ake bayarwa da baki. Mahaifinsa, wanda ɗan kasuwa ne a Terminus, ya riga ya yanke hukunci cewa kunnen ƙashi ne, kuma bulala ta shiga tsakaninsu ba sau ɗaya ba.

Na zauna da mahaifiyar muka bi tarihin lafiyarsa tun daga haihuwa, domin akwai cututtukan da ke taɓa jijiyar ji ko ƙwaƙwalwa waɗanda suka yawaita a wajenmu. Bai yi shawara mai tsanani yana jariri ba, bai yi sanƙarau ba, zazzaɓin cizon sauro bai taɓa kai shi ga suma ko jijjiga ba, kuma ba shi da sikila. Abin da ya fito fili shi ne ciwon kunne. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu, kusan duk lokacin da sanyin Jos ya kankama sai mura ta kama shi, kunnen ya yi ta ciwo, wani lokaci ya zubar da ruwa, a karɓo magani a kemis a ɗiga masa har ya lafa. Wannan bayani yana da nauyi, saboda ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yakan rage ji da kimanin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 30, kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu, kuma ragin yana zuwa yana tafiya. Yaron da ya yi shekarun koyon magana yana jin sauti yau garau gobe dishi-dishi, ƙwaƙwalwarsa tana koyon rarrabe sautuka ne daga abin da bai tsaya wuri ɗaya ba, kuma an daɗe da lura cewa wasu daga irin waɗannan yara suna ci gaba da wahalar sauraro bayan kunnen ya warke.

Matakin farko shi ne tabbatar da lafiyar kunnen kansa, don haka na tura su wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da kuma masanin awon ji da muke aiki tare a wani asibiti a cikin gari. An duba ba datti da ya toshe hanya, an auna motsin dodon kunne an ga ba ruwa a bayansa a lokacin, sannan aka sa shi a ɗakin awo yana ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji ƙara. A kowane mataki na sauti, daga mai kauri zuwa siriri, yana ji a desibel 15 ko ƙasa da haka a kunnuwa biyu. An kuma yi gwajin amsawar katantanwar kunne, wato sashen can ciki da ke mayar da sauti saƙon jijiya, da na tafiyar saƙo a jijiyar ji zuwa tushen ƙwaƙwalwa, domin akwai wata larurar jijiya da ke kama da wannan a zahiri, wadda aka fi gani ga yaran da shawara ta yi wa illa suna jarirai. Duka sun fito daidai.

A nan ne iyaye da yawa ke tattara takardunsu su koma gida, kuma a nan ne mahaifin Auta ya ce, "To Malama, kin ji dai, likita ya ce yana ji." Na bayyana masa cewa awon da aka yi ya nuna sauti yana shiga ne kawai. Bayan shigarsa akwai aiki mai yawa da ƙwaƙwalwa ke yi cikin ƙiftawar ido: ta gane daga ina sautin ya fito, ta ware muryar da ake so daga hayaniyar da ke kewaye, ta jera sautuka bisa yadda suka zo, ta haɗa abin da kunnen dama ya kawo da na hagu, ta cike gurbin harafin da ya ɓace. Idan wannan aiki ya yi rauni alhali kunne lafiya lau, shi ne ake kira matsalar tantance sauti a ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaitawa da APD. Tun a 1954 wasu likitoci a Italiya, Ettore Bocca da abokan aikinsa, suka nuna cewa masu ciwon ƙari a gefen ƙwaƙwalwa suna cin awon ji na yau da kullum amma su kasa gane magana idan an rage mata inganci, kuma a shekarar ce Helmer Myklebust a Amurka ya ja hankali ga yaran da ke da irin wannan wahala. Ƙiyasin da aka fi ambata, na masana ji Chermak da Musiek a 1997, shi ne kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na yara, kuma maza sun ninka mata.

Gwajin wannan matsala ba a cika yin sa kafin shekara 7 ba, saboda hanyoyin ji na ƙwaƙwalwa ba su gama ƙwari ba, kuma sakamakon ƙananan yara yana bambanta ƙwarai. Shekarun Auta sun kai, amma mun ci karo da wani cikas da ya cancanci a tsaya a kansa. Gwaje-gwajen magana da ake da su an naɗe su ne da Turanci, da muryar Ba'amurke ko Baturen Ingila, kuma ma'aunin da ake kwatanta yaro da shi an samo shi ne daga yaran da Turanci ne harshen uwarsu. Auta da Hausa ya tashi, Turancinsa na aji ne da na abokan wasa. Idan ya kasa maimaita kalmar Turanci da aka dusashe, babu yadda za a raba raunin sauraro da rashin sabo da harshen. Saboda haka muka jingina da gwaje-gwajen da ba su dogara da harshe sosai ba.

Na farko shi ne na lambobi, wanda Doreen Kimura ta yi fice da shi a 1961 a Kanada: ana sa wa yaro hedifon, a faɗi lambobi daban-daban a kunnen dama da na hagu a lokaci guda, shi kuma ya maimaita duk abin da ya ji. Mun yi masa da lambobin Turanci, waɗanda ya sani sarai, sannan muka naɗi na Hausa muka sake. Hausa ta yi mana sauƙi a nan, domin daga ɗaya har goma kowace lamba gaɓa biyu ce, sai dai mun lura "biyu" da "biyar", da kuma "bakwai" da "takwas", suna saurin rikicewa ko ga babba, don haka ba mu haɗa su a zagaye ɗaya ba. A harsunan biyu sakamakon iri ɗaya ne: kusan duk abin da aka faɗa a dama ya kawo shi, na hagu kuwa da ƙyar ya kawo rabi. Fifikon kunnen dama abu ne sananne ga yara, domin saƙonsa yana tafiya kai tsaye zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa inda harshe yake ga mafi yawan mutane, shi kuwa na hagu sai ya fara sauka a dama sannan ya tsallaka gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓangarorin biyu, gadar da ba ta gama ƙwari sai wajen shekara 11 ko 12. Amma tazarar da muka gani ta wuce abin da ake tsammani ga ɗan shekara 9.

Na biyu shi ne na jerin sauti uku, wasu sama wasu ƙasa, yaro ya faɗi tsarinsu. Da aka ce ya faɗa da baki, "sama, ƙasa, sama", sai ya yi ta kuskure. Da aka ce ya kwaikwaya da gunguni, bakinsa a rufe, sai ya kawo kusan duka daidai. Wannan ya dace da sakamakon farko, domin yana nuna ya ji tsarin, wahalar tana wajen miƙa shi ga ɓangaren da zai sa masa suna. Gane magana cikin hayaniya ma ya yi masa wuya ƙwarai, ko da jimlolin Hausa ne masu sauƙi.

Ƙungiyar masana ji da magana ta Amurka, a bayaninta na 2005, ta ce ana tabbatar da matsalar ne idan yaro ya faɗi ƙasa sosai a gwaji biyu ko fiye. Duk da haka masana ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Wilson da Arnott a Ostareliya sun ɗauki bayanan yara 150 a 2013 suka auna su da ma'aunai daban-daban, sai adadin waɗanda za a ce suna da matsalar ya tashi daga kashi 7.3 har zuwa kashi 96 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin da aka bi. Binciken David Moore a Birtaniya a 2010, kan yara 1,469, ya nuna cewa yawancin abin da ake gani a matsayin raunin sauraro yana da alaƙa da mai da hankali. Don haka muka duba wannan ɓangare ma. Auta yana iya zama minti 30 yana haɗa hoto ko yana lissafi ba tare da ya tashi ba, ba shi da rawar kai a gida ko a aji, kuma fahimtarsa ta labari cikin ɗaki shiru daidai take da ta tsaransa. A rahoton da muka rubuta mun bayyana abin da muka gani dalla-dalla, wato raunin kunnen hagu idan kunnuwa biyu suna aiki tare da wahalar ji cikin hayaniya, kuma a kan waɗannan biyun muka gina jinya. A ganina wannan ya fi amfani ga iyaye da malamai fiye da a miƙa musu haruffa ukun nan na APD su tafi da su.

Kafin mu fara komai na je ajinsa na zauna. Ɗaki ne mai rufin kwano ba silin, daɓen siminti, yara sun haura 40, tagogi suna kallon titin da Keke Napep ke bi, kuma allon katako ne kawai ya raba su da aji 4. Auta yana layi na biyu daga baya saboda tsawonsa, kunnensa na dama yana fuskantar taga. Wato kunnen da ya fi dogara da shi titi yake saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar aji ta wuce desibel 35, masana kuma suna so muryar malami ta ɗara hayaniya da desibel 15 a kunnen yaro. Murya tana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, don haka wadda ta fito da ƙarfi 65 a mita ɗaya ba za ta wuce 47 ba a mita takwas idan ba bango ya maido ta ba, abin da bangon ya maido kuwa amsa-kuwa ce mai dagula harafi. Ina zaune aka tsuge da ruwa, irin na Jos mai haɗe da ƙanƙara, manhajar awon ƙara da ke wayata ta haura 70. Malamar ta ci gaba da shifta tana ɗaga murya, na ga Auta ya ajiye fensir yana leƙen littafin na kusa da shi. Wannan leƙe an taɓa yi masa bulala a kansa da sunan satar amsa.

Gyaran da muka fara da shi bai ci kuɗi ba. An dawo da Auta layin gaba, nesa da taga, inda yake ganin fuskar malama kuma kunnen dama yana wajenta. Na roƙi malamar ta riƙa kiran sunansa ta jira ya ɗago kafin ta ba da umarni, ta daina magana tana fuskantar allo, ta rubuta shafi da lambar aiki, kuma idan bai gane ba ta sauya kalmomin maimakon ta maimaita su da tsawa, domin tsawa tana ƙara ƙarfin wasula ne ta bar baƙaƙen da ke rarrabe kalma a dushe. Sababbin kalmomin darasin gobe ana ba shi su yau ya tafi da su gida, saboda kalmar da kunne ya riga ya sani ta fi sauƙin kamawa cikin hayaniya. Na'urar da bincike ya fi goyon baya ita ce ƙaramin makirufo da malami ke maƙalawa a wuya, ya aika murya kai tsaye zuwa kunnen yaro, amma kuɗinta ya fi ƙarfin gidan. Mahaifin ya zo da shawarar sayo abin ƙara ji na kasuwa, na hana shi, domin irinsa yana ƙara murya da hayaniya baki ɗaya, kuma yana iya yi wa lafiyayyen kunne lahani.

Islamiyya ta fi ba ni tunani. A can yara da dama ne ke karatu da ƙarfi a lokaci guda, kowa da inda yake, kuma wannan shi ne yanayi mafi wuya ga yaro irin Auta. Ya daɗe a izu ɗaya, ana cewa ba ya riƙe hadda. Na je na gaida malaminsu na yi masa bayani, sai ya ce, "Malama, ai na lura in na zaunar da shi gabana ya fi biyawa daidai." Shi da kansa ya kawo mafita: Auta ya riƙa zuwa minti 15 kafin sauran, a biya masa sabon karatu su biyu, a gida kuma kakansa ya saurare shi bayan sallar asuba kafin gida ya tashi.

Horon kunne kai tsaye mun yi shi sau biyu a mako, rabin awa kowane zama, na tsawon mako 12. Ga raunin hagu mun bi hanyar da aka sani: a kwamfuta ana rage ƙarfin abin da ke shiga kunnen dama har sai na hagu ya iya kawo nasa, sannan a riƙa ɗaga na daman kaɗan-kaɗan daga zama zuwa zama. Ga rarrabe sauti mun yi amfani da kalmomin Hausa masu kama da juna, irin su baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara, da waɗanda tsawon wasali ko karin sauti ne kawai ya raba su, kamar gari na mutane da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Da farko cikin shiru, daga baya na kunna hayaniyar da na naɗo a kasuwa, ina ƙara ta a hankali. Ya fi son wasan da nake buga tsari a ƙaramar ganga ya faɗa mini da baki wanne ne sama wanne ne ƙasa. Na gaya wa iyayen tun farko cewa kada su sa ran horon zai gyara karatu da kansa, domin bitar binciken da Fey da abokan aikinsa suka yi a 2011 ba ta sami hujja mai ƙarfi ba cewa irin wannan horo yana inganta harshe ko karatu, kuma manhajar horon sauraro ta Fast ForWord da aka yi ta tallatawa ba ta nuna amfanin da aka yi alkawari ba da aka tattara gwaje-gwajenta. Shi ya sa muka haɗa da koyar da sautin haruffa da rubutu a kowane zama.

Abu na ƙarshe da muka koya masa shi ne ya daina cewa "na'am" kawai ko ya gyaɗa kai alhali bai gane ba. Ya koyi maimaita saƙo kafin ya tafi, yana ƙirgawa da yatsu, da kuma tambaya takamaimai: "Umma, magi da gishiri, na ukun me?" Wannan ya buƙaci a shawo kan mahaifin, domin a tarbiyyarmu yaron da ke mayar wa babba magana ana iya ganin rashin kunya ne. Da na sa wa mahaifin hedifon na yi masa gwajin lambobin da hayaniya a kai, ya cire ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Haka yake ji kullum?" Na ce kusan haka, a aji. Mahaifiyar ta shaida mini daga baya cewa bulala a kan aike ta tsaya daga ranar.

Bayan mako 12 masanin awon ji ya sake gwajin lambobi, kunnen hagu ya matso kusa da na dama, ko da yake sabo da gwajin da ƙarin watanni na girma suna da nasu kaso a ciki. Kuskurensa a shifta ya ragu sosai, ya kuma wuce izun da ya maƙale a kai. Ji cikin hayaniya ne bai motsa da yawa ba. A gidan biki ko a kasuwa har yanzu sai an taɓa kafaɗarsa.

Da aka koma sabon zango ya shiga aji 4, sabon malami ya jera yara bisa tsawo, Auta ya koma baya, kuma ba wanda ya sanar da ni sai da sakamakon gwajin tsakiyar zango ya faɗi. Laifina ne a wani ɓangare, domin da baki na yi yarjejeniya da malama ɗaya, ban rubuta wa hukumar makarantar komai ba. A watan Disamba kuma mura ta kama shi, awo ya nuna ruwa ya sake taruwa a kunnen hagu, muka dakatar da horo har likita ya tabbatar ya janye bayan wasu makonni. Yanzu akwai takarda mai shafi ɗaya a fayil ɗinsa da ke bayyana inda zai zauna da yadda za a ba shi umarni, mahaifiyarsa tana da kwafi tana kai wa kowane sabon malami a makon farko. Yana zuwa wajena sau ɗaya a wata, ana duba dodon kunnensa duk lokacin sanyi, kuma an tsara sake cikakken gwajin idan ya cika shekara 12.